Tafinta a Cibiyar Kwamfuta: Yadda Ake Sa Manhaja Ta Yi Aiki a Gidan da Ba Nata Ba

A ranar 30 ga watan Maris na shekarar 2016, kamfanin Microsoft ya ba da wata sanarwa a wajen taronsa na shekara-shekara da masu rubuta manhaja a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, wadda ta ba waɗanda suka daɗe a cikin sana'ar mamaki ƙwarai. Kamfanin ya ce manhajojin da aka rubuta domin tsarin Linux za su riƙa aiki kai tsaye a kan Windows 10, ba tare da an canza ko da harafi guda a cikinsu ba. Shekaru 15 kafin wannan rana, watau a cikin 2001, shugaban kamfanin na wancan lokaci, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji. Sai ga shi gidan da ya yi wannan furuci ya share ɗaki ya yi wa baƙon shimfiɗa.

Dabarar da Microsoft ya yi amfani da ita ba sabuwa ba ce, domin kuwa an fi shekara 20 ana aiki da irinta kafin sannan. Abin da ya sa ta cancanci 'yan kasuwa su san ta shi ne, a yawancin kamfanoni kuɗin da aka zuba a kan manhaja, da horar da ma'aikata a kanta, da bayanan da aka tara a cikinta, ya fi kuɗin ƙarfen kwamfutar nesa ba kusa ba. Kwamfuta kan tsufa cikin 'yan shekaru a sauya ta, amma manhajar lissafin albashi ko ta ajiyar kaya takan kai shekara goma ko ashirin tana aiki. Kowace manhaja kuma a ɗaure take da tsarin da aka rubuta ta dominsa. Duk wanda ya iya kwance wannan ɗauri, to, ya sami hanyar janye abokan cinikin wani zuwa rumfarsa.

Kanta da ma'aji

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja guda wadda sauran duka ke zaune a kanta, kamar Windows ko Linux ko macOS ko FreeBSD. A nan za mu kira ta uwar manhaja. A tsakiyar uwar manhaja akwai wani sashe da masana ke kira kanel, mu kuwa za mu ce masa cibiya. Cibiya ce kaɗai ke da ikon taɓa faifan ajiya, da raba wurin aiki a ƙwaƙwalwar na'ura, da aika saƙo ta waya ko ta iska, da kuma yanke hukuncin wace manhaja ce za ta yi aiki a wane lokaci.

Mai karatu ya ɗauki misalin banki. Wanda ya zo cire kuɗi ba ya shiga ɗakin ma'aji da kansa ya ƙirga abin da yake so. Yakan cika takarda ya miƙa a kanta, ma'aikaci ya duba ko yana da haƙƙin abin da ya nema, sa'an nan a ba shi, ko kuma a dawo masa da takardarsa tare da dalilin ƙin biya. Haka manhaja take da cibiya. In tana son buɗe fayil, ko rubuta wani abu a cikinsa, ko haɗuwa da wata kwamfuta a intanet, sai ta ajiye wata lamba da ke nuna irin hidimar da take nema, ta jera bayanan da suka dace a wuraren da aka tanada, ta miƙa wa cibiya ragama. Wannan miƙa buƙata shi ne kiran cibiya. Linux na da irin waɗannan kiraye-kiraye fiye da 300, kuma manhaja mai yawan aiki kan yi dubbai a cikin daƙiƙa guda.

Sauran aikin manhaja kuwa, watau tarawa da ɗebewa da kwatanta lambobi da jera sunaye, ba ya bi ta kanta ko kaɗan. Furosesa, wato ɗan guntun da ke yin lissafi a cikin na'ura, shi ke yin sa kai tsaye. To, da yake kwamfutar da ke ɗauke da Windows da wadda ke ɗauke da Linux sau da yawa furosesa iri ɗaya ne a cikinsu, na Intel ko na AMD, ashe mafi yawan abin da ke cikin manhajar Linux zai iya gudana a kan kowacce daga cikinsu. Inda ake samun saɓani shi ne a bakin kanta, domin kowane banki da irin takardarsa.

Ga misalin da zai nuna girman saɓanin. A kan kwamfutocin zamani masu furosesa irin na Intel da AMD, lamba 1 a wurin Linux na nufin "rubuta wannan". Ita wannan lamba 1 a wurin FreeBSD tana nufin "na gama, a rufe ni", rubutu kuwa lamba 4 ne. Saboda haka manhajar Linux da aka ɗora a kan FreeBSD ba tare da wani shiri ba, da zarar ta nemi ta rubuta kalmar farko, sai cibiya ta ɗauka sallama ta yi. Amsoshin da cibiya ke mayarwa su ma haka suke. In Linux ya ce kuskure mai lamba 11, yana nufin "a sake gwadawa an jima", lamba 35 kuwa na nufin ayyuka biyu sun cije, kowanne na jiran ɗan'uwansa. A FreeBSD lambobin nan biyu a juye suke daidai wa daida.

Aikin sashen tafinta ke nan. Ana dasa shi a cikin cibiyar mai masauki, a ba shi jadawalin kiraye-kirayen baƙo. A FreeBSD, lokacin da za a tayar da manhaja, cibiya kan duba wata alama a goshin fayil ɗin, in ta ga ta Linux ce sai ta rataya mata jadawalin Linux maimakon na gida. Daga nan duk kiran da manhajar ta yi, tafinta zai karɓa, ya sauya lambar, ya sake jera bayanan yadda mai gida ya saba gani, ya miƙa, sa'an nan ya juya amsar zuwa yadda baƙo zai gane. Har wurin ajiye kaya an ware wa baƙon: in ya nemi fayil, akan fara dubawa a wata jaka ta musamman mai suna /compat/linux, in ba a samu a can ba a koma ainihin wurin. In kuma ya tambayi sunan gidan da yake ciki, sai a amsa masa da cewa Linux ne, har da lambar fitowa, domin akwai manhajojin da ke ƙin tashi in suka ga lambar ta tsufa.

Ya kamata a bambanta wannan da wasu dabaru biyu da akan haɗa su da shi. Akwai fassara harshen furosesa kansa, kamar yadda Rosetta 2 na kamfanin Apple ke yi tun 2020 domin manhajojin da aka yi wa furosesan Intel su yi aiki a kan sabon furosesan Apple. Akwai kuma gina kwamfuta ta kwaikwayo a cikin kwamfuta, a ɗora mata cikakkiyar uwar manhajar baƙo da cibiyarta, kamar a gina wa baƙo nasa banki a harabar naka. Tafinta a cibiya ya fi su sauƙin nauyi, tunda cibiya guda ce ke aiki, kuma lissafin manhajar na tafiya da cikakken saurinsa. Wannan ne ya sa kamfanoni suka yi ta komawa gare shi.

Wa ke yi wa wa tafinta

Tarihin wannan dabara ya fi kowane rahoton ciniki nuna wanda ke riƙe da kasuwa a kowane zamani, domin ƙarami ne kullum ke koyon harshen babba.

A farkon shekarun 1990, mai son ɗora Unix a kan kwamfuta mai furosesan Intel domin harkar ofis yakan nufi kamfanin Santa Cruz Operation, wanda aka fi sani da SCO. Manhajojin kasuwanci na Unix a kan irin waɗannan injuna yawanci dominsa aka rubuta su. Linux kuwa, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, kyauta ne, amma babu wani babban kamfani da ke rubuta masa manhaja. Masu aikin sa kai sai suka rubuta masa sashen tafinta bisa wata ƙa'ida da ake kira iBCS2, wanda ya ba shi damar ɗaukar manhajojin SCO. Ta haka mutane suka riƙa amfani da WordPerfect, fitacciyar manhajar buga wasiƙu ta wancan zamani, a kan Linux tun kafin a yi masa tasa.

Ba a yi shekara biyar ba reshe ya juye da mujiya. A cikin 1997 wani injiniya na SCO ya rubuta lxrun, domin manhajojin Linux su yi aiki a kan SCO. A wannan shekara ce kuma masu tsare-tsaren Unix dabam-dabam suka kafa wani kwamiti mai suna 86open domin su amince da fasali guda na manhaja da kowa zai karɓa. Kwamitin ya rushe kansa a 1999, bisa dalilin cewa kasuwa ta riga ta yanke hukunci: kusan kowa ya koma karɓar fasalin Linux. A tsakanin nan Oracle ya fitar da manhajarsa ta rumbun bayanai domin Linux a 1998, kuma a ƙarshen 2000 IBM ya ce zai kashe dala miliyan 1,000 a kan Linux cikin shekara mai zuwa. Kamfanin Caldera da ya sayi harkar Unix ta SCO a 2001 ya dasa tafintan Linux a cikin cibiyar tsarinsa, amma hakan bai hana kasuwarsa zaizayewa ba. Ya sauya suna zuwa SCO Group, ya kai IBM ƙara a 2003, ya kuma nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2007.

FreeBSD ya fi su duka daɗewa a kan wannan hanya. Tafintansa na Linux ya fara fitowa a cikin FreeBSD 2.1 a 1995, kuma har yanzu ana kula da shi. Ba ƙaramin tsari ba ne, ko da yake sunansa bai cika yawo a bakin jama'a ba: a kansa Netflix ya gina injunan da ke tura wa mutane fina-finai, daga gare shi Sony ya samo tushen uwar manhajar PlayStation 4, kuma a kansa WhatsApp ya yi shekarunsa na farko. Sai dai kamfanonin da ke sayar da manhaja ba tare da sakin asalin rubutunta ba ba su cika damuwa da yi masa tasa ba. A shekarun 1990 da bayansu, ta bakin tafinta masu FreeBSD suka sami Netscape da StarOffice da Acrobat Reader da Oracle. Jinkirin da aka samu daga baya ya nuna wahalar aikin: sai a FreeBSD 10.3, a cikin 2016, tafintan ya iya ɗaukar manhajojin Linux na sabon fasalin furosesa mai faɗin 64, alhali duniyar Linux ta daɗe da komawa can.

Inda tafinta ke gajiya

Sauya lamba da lamba shi ne ɓangare mai sauƙi, jadawali kawai yake bukata. Wahalar tana wurin da baƙo ya nemi abin da babu shi sam a al'adar mai gida. Linux da FreeBSD dangi ne, duka biyu a kan tafarkin Unix suke, don haka yawancin buƙatun ɗaya na da takwara a wurin ɗayan. Windows kuwa wata zuriya ce dabam, kuma a nan ne gwajin Microsoft ya zama darasi.

Asalin aikin ba domin Linux na tebur aka fara shi ba. Microsoft ya so ne manhajojin wayar Android, waɗanda ke zaune a kan cibiyar Linux, su yi aiki a kan wayoyinsa na Windows da suka rasa manhajoji. An soke wannan shiri a watan Fabrairu na 2016, aka juya abin da aka gina zuwa wata buƙata: masu rubuta manhajojin intanet suna ta sayen kwamfutocin Apple, saboda macOS dangin Unix ne, kayan aikinsu na tafiya a kansa ba wahala. Sabon sashen, mai suna WSL, ya fito ga jama'a a watan Agusta na 2016 tare da haɗin gwiwar Canonical, kamfanin da ke fitar da Ubuntu. Injiniyoyin Microsoft ne suka rubuta shi da kansu, babu rubutun cibiyar Linux a cikinsa.

A Unix, in manhaja na son tayar da wata, takan fara ne da raba kanta biyu, watau ta haifi kwafinta sak, sa'an nan kwafin ya rikiɗe ya zama sabuwar manhajar. Ana yin haka ba adadi, kuma Linux ya mai da shi abu mai arha. Manhajojin Windows ba haka suke haihuwa ba, saboda haka sai da aka yi aiki na musamman kafin a samar da wannan a cibiyar Windows. Ga kuma batun fayil. A Linux, "Rasit" da "rasit" sunaye biyu ne na fayil biyu, a Windows kuwa bisa al'ada suna ɗaya ne. A Linux ana iya share fayil alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, Windows kuwa ya saba hanawa. Linux na rataya wa kowane fayil bayanin mai shi da wanda aka yarje wa karantawa ko rubutawa, a fasalin da tsarin ajiyar Windows bai tanada ba, don haka aka riƙa cusa wannan bayani a wani lungu na fayil ɗin. Sakamakon haka, sai da Microsoft ya gargaɗi jama'a da kada su taɓa fayilolin ɓangaren Linux da kayan aikin Windows, domin suna iya lalacewa.

Babban abin da ya fi ci wa masu amfani tuwo a ƙwarya shi ne jinkiri. A Windows, duk buɗe fayil sai ya ratsa ta hannun masu bincike da yawa, ciki har da manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta. Manhajojin Windows sun saba da haka, an rubuta su da sanin cewa taɓa fayil na da tsada. Na Linux kuwa sun taso inda taɓa fayil kusan kyauta ne, suna buɗe ƙananan fayiloli dubu-dubu ba tare da tunani ba. Tafinta na iya fassara kowace buƙata daidai, amma ba zai iya rage layin da ke bakin kanta ba.

Sa'an nan shi baƙon ba ya zama wuri ɗaya. Ana fitar da sabuwar cibiyar Linux kusan kowane mako tara ko goma, da sababbin hidimomi, kuma masu rubuta manhaja ba sa jiran kowa kafin su fara amfani da su. A 2020, da Ubuntu 20.04 ya fito, wani ɗan canji a babban ɗakin karatun manhajojin Linux ya sa aka koma neman "dakata na ɗan lokaci" ta wata hanyar da tafintan Microsoft bai tanada ba. Nan take umarnin dakatawa, wanda yana cikin mafi ƙanƙantar umarni a tsarin baki ɗaya, ya daina aiki a wurin masu WSL na farko har sai da aka yi gyara. Manyan abubuwa kamar Docker, wanda kamfanoni ke amfani da shi wajen ƙunshe manhaja a kwantena, sun dogara ne da wasu sassa masu zurfi na cibiyar Linux da tafintan bai taɓa kammala kwaikwayonsu ba.

A watan Mayu na 2019 Microsoft ya sanar da WSL 2, wanda ya isa ga jama'a a 2020. A cikinsa an ajiye tafinta gefe, an ɗauko ainihin cibiyar Linux an sa ta a wata ƙaramar kwamfuta ta kwaikwayo mai saurin tashi. Kamfanin da kansa ya ce a wani gwaji na kwance ƙunshin fayiloli sabon ya ninka tsohon sauri har sau 20. A ganinmu wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a duk wannan batu: kamfanin da ke cikin mafi arziki a duniya, mai riƙe da asalin rubutun cibiyarsa, ya yi lissafi ya ga ɗauko cibiyar baƙo ɗungurungum ya fi masa arha bisa ga biyan injiniyoyin da za su yi ta bin sawunta har abada. WSL na farko bai mutu ba, ana iya zaɓarsa har yanzu, kuma ya fi sabon sauri wajen taɓa fayilolin da ke ɓangaren Windows. Amma ƙarfin kamfanin ya koma kan na biyun.

Wasu ma sun bi ta nan. Kamfanin Sun Microsystems ya sa wa Solaris 10 tafintan Linux a 2007. Oracle ya kammala sayen Sun a 2010 a kan dala miliyan 7,400, kuma Solaris 11 ya fito a 2011 babu tafintan. Wani ƙaramin kamfani mai suna Joyent ya farfaɗo da shi a 2014 domin ya riƙa ba da hayar injuna ga masu manhajar Linux, kafin Samsung ya saye shi a 2016. Masu OpenBSD kuwa, waɗanda suka shahara da tsananin kula da tsaro, sun cire nasu tafintan baki ɗaya a 2016. Dalili a fili yake, domin duk abin da aka dasa a cibiya yana da cikakken iko a kan na'ura, kuma sashen da mutane kaɗan ke amfani da shi, ba a kuma cika bincikarsa ba, ƙofa ce da ɓarawo zai so.

Akwai wani hatsari na ciniki da ya fi na fasaha. A 1992 IBM ya fitar da OS/2 2.0, wanda ke ɗaukar manhajojin Windows na lokacin da kyau, ko da yake ta wata hanya dabam da wadda muke bayani. Masu rubuta manhaja suka duba suka ga in sun rubuta domin Windows sun sami kasuwa biyu da aiki ɗaya, to me zai sa su ɓata kuɗi a kan OS/2? Da Windows 95 ya zo da sabon fasalin da OS/2 bai iya ɗauka ba, sai aka bar IBM da tsari mai inganci wanda ba shi da isassun manhajojin kansa. Akwai sauran dalilan faɗuwarsa, amma wannan na cikinsu. Mai masaukin da ya iya harshen baƙi sosai yakan wayi gari babu mai koyon nasa.

Ta ɗaya ɓangaren

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a yi wa Linux tafintan Windows a cibiyarsa, tunda manhajojin ofis da wasannin kwamfuta yawanci na Windows ne? Amsar tana cikin bambancin alkawarin da gidajen biyu suka yi. Torvalds ya kafa doka mai tsanani cewa ba a canza kiran cibiya ta yadda tsohuwar manhaja za ta daina aiki, saboda haka lambobin Linux a tsaye suke, ana iya kwaikwayonsu. Microsoft kuwa bai taɓa yin alkawari a kan lambobin cibiyarsa ba, suna sauyawa daga fitowa zuwa fitowa. Alkawarinsa yana kan wasu ɗakunan karatu na manhaja da ke tsakanin manhajar mai amfani da cibiya. Shi ya sa shirin Wine, wanda aka fara a 1993, ya zauna a wajen cibiya yana kwaikwayon waɗannan ɗakunan karatu. Sai da ya shekara 15 kafin ya fitar da abin da ya kira fitowa ta 1.0, a 2008.

Kuɗi ne suka sauya masa rayuwa. Kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, bai so cinikinsa ya dogara kacokan a kan Windows ba. A 2018 ya fitar da Proton, wanda aka gina a kan Wine, a 2022 kuma ya fara sayar da na'urar wasa ta hannu mai suna Steam Deck, wadda Linux ne a cikinta amma wasannin Windows ake bugawa. Wannan ciniki ya kai har cikin cibiyar Linux. Da aka ga wasu wasanni na tsallake ɗakunan karatu suna kiran cibiyar Windows kai tsaye, sai aka ƙara wa Linux 5.11 a 2021 wata hanya ta tare irin wannan kira a mayar wa Wine. A Linux 6.14 na 2025 kuma an kammala shigar da wani sashe mai suna ntsync, wanda ke kwaikwayon yadda cibiyar Windows ke daidaita ayyukan da ke gudana lokaci guda. Shi ma Microsoft ya bi wata hanya mai kama da wannan a lokacin da ya kai SQL Server, manhajarsa ta rumbun bayanai, kan Linux a 2017: bai sake rubuta ta daga tushe ba, ya naɗe ta ne da wani siririn sashe mai ba ta abin da ta saba samu daga Windows.

Dangane da shari'a, tambayar ita ce ko ya halatta ka kwaikwayi takardar kantar wani ba da izininsa ba. Linux ya sauƙaƙa nasa, domin takardar lasisinsa ta bayyana cewa manhajar da ke kiran cibiya ta hanyar da aka saba ba ta shiga ƙarƙashin sharuɗɗan lasisin ba, kuma wanda ya rubuta nasa tafinta da hannunsa bai kwafi rubutun kowa ba. A 2012 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar SAS Institute da World Programming, ta yanke cewa aikin da manhaja ke yi ba ya cikin abin da haƙƙin mallakar rubutu ke karewa. A Amurka, Oracle ya nemi diyyar kusan dala miliyan 9,000 daga Google saboda layuka kimanin 11,500 na Java da aka kwafa a cikin Android. A ranar 5 ga Afrilu, 2021, Kotun Ƙoli ta ba Google gaskiya da rinjayen alƙalai 6 a kan 2, bisa hujjar cewa amfani ne da doka ta yarda da shi. Shari'ar ba ta kiran cibiya ba ce, kuma kotun ba ta ce irin waɗannan layuka ba su da mai su ba, amma duk masu sana'ar kwaikwayo sun sa mata ido, domin da ta juya da su ma ta shafe su.

Ga ɗan kasuwar da aka zo wa da tayin cewa tsohuwar manhajarsa za ta yi aiki a kan sabon tsari ta bakin tafinta, tayin na iya zama na gaskiya, kuma yana iya rage kuɗin lasisi da na sababbin injuna, musamman ga wanda ke biyan waɗannan da kuɗin waje. Sai dai "tana tashi" dabam, "an lamunce ta" dabam. Yawancin masu sayar da manhaja kan rubuta a yarjejeniyarsu jerin tsare-tsaren da suka yarda su ba da taimako a kansu, kuma da wuya a ga tafinta a cikin jerin. Ranar da lissafin ƙarshen wata ya tsaya, mai manhaja zai ce laifin tafinta ne, mai tafinta ya ce manhajar ce ta nemi abin da ba a saba ba, kai kuwa ma'aikata na jiran albashi. Gwajin da ke da amfani shi ne wanda aka yi da ainihin bayanan kamfani, da yawansu, a ranar da aiki ya fi yawa, tunda kuskuren tafinta ba ya fitowa a kiraye-kirayen yau da kullum, sai a wanda ake yi sau ɗaya a wata. Ya kamata kuma a tambayi wanda ke biyan masu kula da tafintan, da abin da zai faru in ya daina, kamar yadda masu Solaris suka gani a 2011.

A watan Mayu na 2025 Microsoft ya saki asalin rubutun mafi yawan WSL ga kowa ya gani ya kuma gyara. Daga cikin 'yan sassan da ya riƙe bai saki ba akwai lxcore.sys, watau shi ainihin tafintan da aka dasa a cibiyar Windows a 2016.